Rawar Idon Inna

Shekarar da gero ya ƙone tun bai fidda kai ba, zamanin mulkin soja, babana ya tsallaka Najeriya cirani. Wata bakwai ba wasiƙa, ba saƙon baki. Ni ina shekarar farko a lakwal, makarantar koyon aikin jinya. Na zo hutu Urafane da kayena, littafin da nake rubutu a makaranta, cike da zane-zane, ina ji da kaina kamar ni na haɗa ɗan Adam.

Na tarar idon Inna na rawa. Fatar sama ce ke ɗan motsi, ta tsaya, ta sake. A wurinmu in ido ya yi haka, za ka ga wanda ka daɗe ba ka gani ba. Saboda haka kowace ranar kasuwa, ranar da motoci ke shigowa daga Tasawa, sai ta ƙara tafi biyu na jar dawar taimako a turmi, rabon babana. In bai zo ba mu cinye ɗumame da safe.

Ni kuwa bakina ba ya riƙe abin da na sani. Na zaunar da ita gindin rumbu na buɗe kaye.

"Inna, jijiya ce. Saƙo na bin ta kamar ƴar wutar lantarki. A jikinta akwai ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. In saƙo ya zo, na farko su buɗe, wani gishiri ya shiga, wutar ta tashi. Tashin nan shi ke buɗe na biyu, wani gishirin da ake kira potasiyom ya fita, wutar ta kwanta, jijiya ta huta."

"To wa ke tsaron ƙofar?"

"Ba kowa. Ƙarfin wutar take ji ta buɗe da kanta. In na biyun suka yi nawa, jijiya sai ta yi ta aika saƙo ba wanda ya aike ta. Ke dai gajiya ce da rashin barci."

"Ashe har cikin ido akwai malalata," in ji ta, tana dariya.

Na karɓe mata ɗiban ruwa da daka, na tilasta mata kwanciyar rana. Kwana biyar ido ya tsaya cik. Na yi ta taƙama a gida, har maƙwabta suka fara kawo mini ciwon gwiwa.

Da kasuwa ta zagayo, na ga ta auna dawa daidai bakinmu. Ba ta tsaya bakin darni tana sauraren ƙarar mota ba. Ta zauna tana tsince tsakuwa a faifai. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji haushin kayen nan da mai shi.

Na je na tsuguna gabanta ina ƙifta ido kamar wadda hayaƙi ya shiga.

"Inna, nawa ya kama rawa tun safe."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta san ƙarya nake, ita ta haife ni.

"Ƙofofinki ne suka yi nawa, likita."

"Ko su ne, a ƙara dai."

Ta jawo ƙwarya ta ƙara tafi biyu, har da ɗan ɗori.

Babana bai zo ran nan ba. Sai kasuwa ta uku ya diro daga bayan kamiyo, babbar motar kaya, ya rame, riƙe da buhun garin rogo. Kafin ya gama shan ruwa Inna ta nuna ni da muciya.

"Gode wa ƴarka. Nawa idon ta kashe shi da boko, nata ne ya kawo ka."