Darasin Gonar Pauwa

Duk mai wayar da ta taɓa faɗawa ruwa a Ƙanƙara ya san Abdulgafar. Rumfarsa tana bakin tasha, shekara goma sha biyu yana gyaran waya a cikinta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, da hannun da yake kwance wayoyin mutane, da shi yake rubuta manhaja. Bai je jami'a ba. A wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi ya koya, yana karanta Turancin da ƙyar, har ya gane.

Ɗan ƙauyen Pauwa ne, ɗan manomi. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya tashe shi da abu guda: in ka faɗi karatu, ka faɗi wanda ya koya maka. Shi ya sa da ya buɗe ɗan shafinsa na intanet yana rubuta darussa da Hausa, kowane darasi sai ya sa sunan inda ya samo a ƙasa.

Akwai wani zaure na waya da matasa masu koyon manhaja daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka haɗu a ciki, kusan mutum ɗari biyu. Shugabansu Adnan, ɗalibi ne, yaro mai ƙoƙari, sai dai yana son doka kamar shi ya haife ta. Dokarsa ta uku ta ce ba a shigo da linkin waje. A yi masa adalci, yana da dalili: 'yan damfara sun taɓa turo linkin "data kyauta" suka kwashe lambobin mutane.

Wata Talata, Hafiza daga Faskari ta yi tambaya a zauren. Ta kasa gane yadda ake sa kwamfuta ta maimaita aiki guda sau da yawa. Abdulgafar kuwa ya yi sati biyu yana rubuta darasi a kan wannan. Da shuka ya kwatanta: ka sara, ka zuba iri, ka rufe da ƙafa, ka yi gaba, har kunya ta ƙare. Gonar Babansa ta Pauwa ya sa a misalin, kunya arba'in da bakwai. Ya tura mata linkin a cikin zauren.

Ko minti biyu bai yi ba Adnan ya goge.

"Malam Abdulgafar, nan ba wurin talla ba ne," ya rubuta.

"Tallan mi?" in ji Abdulgafar. "Yarinya ta tambaya, ga amsa. Sisi ban nema ba."

"Doka doka ce, Malam. Ka huta na sati guda."

Haka aka fitar da mutum mai 'ya'ya huɗu kamar wanda ya yi sata. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Matarsa Mero ta ce, "Kai ma da neman magana. Mi za su ba ka a wurin nan?" Shi kuwa ba neman a ba shi yake ba.

Da sati ya cika aka mayar da shi. Yana shiga ya tarar zauren ya cika da yabo. Wani Bilya, ɗan Sabuwa, ya liƙa dogon bayani a kan maimaita aiki, kowa na sa masa albarka, Hafiza ta ce yau ta gane. Abdulgafar ya karanta layin farko, kansa ya yi zafi. Ka sara, ka zuba iri, ka rufe da ƙafa. Darasinsa ne, kalma da kalma. Bilya ya yanke sunansa daga sama, ya yanke sunayen malamansa daga ƙasa, amma ko kunyar goge "gonar Baba ta Pauwa" bai ji ba, shi da mahaifinsa ke sayar da atamfa.

Kuma babu dokar da ya karya! Nuna ƙofar mai abu laifi ne a zauren nan, amma kwaso kayansa ka baje a matsayin naka, wannan taimako ne.

Sai ga Adnan, har da kiran sunansa: "Malam Abdulgafar, ka ga yadda ake yi. Ka karanta na Bilya, za ka ƙaru."

Abdulgafar ya ajiye wayar da yake gyarawa, ya rubuta: "Wanga darasi ni na rubuta shi. Gonar ubana ce."

Maimakon Bilya, Adnan ne ya amsa: "Zargi ne babba, Malam. Kawo hujja."

Hujja guda yake da ita a duniya: shafinsa, mai ɗauke da sunansa da ranar da ya wallafa. Ya san abin da zai biyo baya. Duk da haka ya tura linkin.

Kafin mutum uku su gani an goge, an fitar da shi, wannan karon ba na sati ba. Darasin yana nan a zauren har yau, Adnan ya maƙale shi a sama don sababbin shiga. Gonar mahaifin Abdulgafar na ciki, sunan Bilya na ƙasa.