Garar rumbun baffa

Jiya da hantsi ina zaune a rumfata a kasuwar Gure, radiyon mai shayi ya kawo jawabin shugaban ƙasa. Murya a sanyaye, komai lafiya lau, komai yana tafiya daidai. Wallahi sai na ji kamar baffana ne ya dawo duniya.

Baffa yayan mahaifina ne, shi ya riƙe gidanmu bayan rasuwar kakanmu. Kada ka ɗauka mugu ne. Mutum ne mai kyauta da fara'a, bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba. Aibinsa guda, ba ya son jin abin da ba daɗi. Ka ce masa akuya ba ta da lafiya, sai ya haɗe rai, ya ce mugun baki gare ka, ya yini ba ya amsa gaisuwarka. A hankali duk gidan muka koyi kai masa labari mai daɗi kawai, har mu yara.

A gidanmu rumbun iri dabam yake da na ci. Bayan girbi a zaɓi zangarniyar hatsi mai kyau a zuba, a liƙe bakin da laka, kuma ba mai buɗewa sai maigida, shi ma sai ruwan shuka ya sauka. Wata bazara sai ga hanyar gara, jar ƙasa siririya, tana hawa gindin rumbun. Inna ta gani, matar baffa ta gani, mahaifina ma ya gani ya kau da kai. Kowa yana jiran wani ya fara.

Kakata, wadda ta haifi baffa, ita ta yi ta maza. Ta same shi bisa tabarma yana shan fura.

"Gara ta shiga rumbun iri," ta ce. "Buɗe a duba."

Ya yi dariya. "Haba Iya, rumbun da na liƙe da hannuna? Ku dai ba ku son zaman lafiya."

Ka san abin da ya yi? Sawa ya yi a riƙa share hanyar garar kowace safiya. Mu kuwa muka yi ta shara.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, maƙwabta suka fita da sungumi. Baffa ya fasa lakar, ya zura hannu, ya fito da gari da ƙaiƙayi. Mahaifina ya tafi Gidigir roƙon iri wurin dangi. Kafin ya dawo laima ta bushe, muka yi shuka a makare, ruwa ya ɗauke hatsi bai yi ido ba. Shekarar aka sayar da saniyar kakata, wadda muke shan nononta. Amma abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne ranar da baffa ya tara mu ya ce, "Don me ba wanda ya gaya mini?" Kakata tana zaune a wurin.

Da jawabin ya ƙare, mai shayi ya tambaye ni yadda na ji. Na ce masa daɗin bakin shugaba bai dame ni ba, baffana ya fi shi. So nake in san ko a fadarsa akwai mai iya ce masa gara ta shiga, kuma gobe a amsa gaisuwarsa. Baffa gida guda ya riƙe, wannan kuwa ƙasa ce a hannunsa.

Mai shayi ya waiga hagu da dama, ya ce in rage murya. Na rage.