Ranar da Na Juya wa Taubashina Kunnuwa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da rabin abin da aka koya mini a aji huɗu na firamare, inda bokona ya tsaya. Amma abin da na aikata wata ranar Alhamis a wani zaure a Maigatari, ko da sabulu aka wanke mini kai ba zai fita ba.

Taubashina ne, ɗan gwaggona, tsaranmu ɗaya. Tun muna yara nake ce masa bawana, shi ma yake ce mini bawansa, kuma har yau ba a yanke hukunci ba. Da ƙuruciya ɗan dambe ne, ya zubar da maza daga Gumel har Gagarawa. Ni kuwa masinja na yi a Sule Tankarkar, dambena duk na baki ne. Da girma ya zo sai ciwon ido ya kama shi, kaɗan-kaɗan har ganin ya tafi. Mutumin nan ya shige ɗaki shekara biyu, ba majalisa ba kasuwa. In na je na tsokane shi sai ya ce mini "to". Duk wanda ya san taubasantaka ya san ba zagin da ya kai wannan "to" ɗin ciwo.

'Yarsa mai aikin jinya a Kano ce ta kawo masa na'urar wasa, ta haɗa ta da talabijin da sola a zaure. Wasan faɗa ne: mutum biyu a cikin talabijin suna naushin juna, kai kana waje kana juya naka da abin dannawa. Da aka ce mini makaho ya fito zaure yana dukan masu ido, na ce wannan ƙarya sai na je na gan ta da kaina.

Na same shi zaune a kan buzu, abin sauraro ya rufe masa kunnuwa biyu, mutanen kasuwar shanu sun kewaye shi.

"Bawana, me kake gani a ciki?" na ce.

"Abin da ka gani a aji biyar," ya ce. "Zauna in koya maka, tunda gwamnati ta kasa."

Ya yi mini bayani tiryan-tiryan. Ashe masu ƙera wasan sun yi tanadi don irinsa. In abokin karawa yana dama, ta kunnen dama zai ji shi; in ya tsallake hagu, ƙarar ta koma hagu. In ya matso, wani ɗan ƙara yana ƙara sauri. Naushin sama da sautinsa, shurin ƙasa da nasa. Har dukan nan mai wuya da ake murɗa yatsu kafin ya fita, an mayar da shi dannawa ɗaya saboda masu ciwon hannu. Sannan ya kama yatsana ya ɗora a kan wani zare da 'yarsa ta ɗaura a ɓangaren dama na abin sauraron, don ya riƙa gane yadda zai sa shi.

Da na taɓa zaren nan, Shaiɗan ya gaishe ni, ni kuma na amsa.

Muka yi sharaɗi a gaban jama'a: bayan la'asar za mu kara, wanda aka kayar zai tsaya a ƙofar gida ya yi wa ɗan'uwansa kirari, ya amsa da bakinsa cewa shi ne bawan. Da ya tashi alwala, jama'a suka watse, na kwance zaren na mayar da shi ɓangaren hagu. Na ɗaure shi da kyau, ɗaurin ma'aikaci. Sannan na je na tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi a sahu, kamar mutumin kirki.

Aka fara. Ni ban iya komai ba, danna duk abin da yatsa ya samu nake yi. Amma ɗan wasansa ya rikice: in na zo ta nan sai ya kai naushi can, in ya so ja da baya sai ya kawo mini fuska. Na kayar da shi karo na farko. Na kayar da shi na biyu. Na cire hula ina fifita da ita, ina tambayar jama'a ko akwai sauran 'yan dambe a Maigatari.

Sai na lura ba wanda ke dariya. Taubashina ya ajiye abin dannawa a kan buzu, ya zare abin sauraron, ya shafa zaren, ya tabbatar yana nan. Ya sa ɗan yatsa a kunne ya girgiza.

"Haka idon ya fara," ya ce a hankali, ba da kowa yake ba. "Abu yana nan, ina ganinsa can." Ya lalubo sandarsa. "Ku kashe, kada batir ya ƙare a banza. Zan shiga ciki."

Jama'a, na sha jin tsoro, har kura na taɓa gamuwa da ita a hanyar Gagarawa, ko da yake wasu sun ce kare ne. Ban taɓa jin irin na wannan lokacin ba. Na san ɗakin da zai shiga, na san shekarun da ya yi a ciki. Ga kirarina ya nuna, saura in tsinka, ga kuma mutum ya miƙe yana neman ƙofa.

"Dakata," na ce. "Kunnenka lafiya lau. Zaren ne ya yi ƙaura."

"Shi kaɗai?"

"An ɗan taimaka masa."

"Wa?"

"Wani bawan Allah mai aji huɗu."

Na fara duba hanyar gudu, don sandar tana hannunsa kuma bai manta sana'arsa ba. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har ya dafa bango, har da hawaye.

"Yaushe?"

"Kana alwala."

"Kuma ka bi ni sahu? Ku shaida, sallar wannan sai an sake duba ta."

Na miƙa hannu zan gyara zaren, ya buge mini yatsu.

"Bar shi yadda ka sa. Tunda na san inda ƙaryar take, ya isa. Zauna."

Ya mayar da abin sauraron a juye, da gangan. Duk abin da ya ji a dama sai ya kai duka hagu. Ba zan faɗi yadda aka yi ba, saboda ina da jikoki masu karatu. Abin da zan ce kawai, ɗan wasana ya fi daɗewa a sama fiye da ƙasa, kuma wani dillalin shanu ya roƙi a tsaya don Allah, ya ce ko dabba ba a yi mata haka.

Na tsaya a ƙofar gida na yi kirarin: ga na gwaggo mai kunnuwan ƙarfe, an juya masa gabas ya bugi yamma ya samu. Da na zo wurin amsa bauta na rage murya. Ya leƙo daga zaure ya ce bai ji ba, wai ai kowa ya san kunnensa ya lalace yau. Sau uku na maimaita.

A kan babur, ina komawa gida, na yi lissafin kaina. Wasu mutane can wata uwa duniya, da ba su san shi ba, ba su san Maigatari ba, sun zauna sun yi tunanin yadda makaho zai shiga fage a kara da shi. Ni da muka ci tuwo a ƙwarya ɗaya na kusa fitar da shi don a yi mini tafi. Tun ranar na koyi cewa taubashi yana da izinin taɓa komai naka, hularka, gemunka, har girkin matarka, amma ban da abin da kake dogarawa ka tsaya. Har yanzu ina tsokanarsa duk Alhamis. Sai dai in ya ce in zauna mu kara, ina da ciwon yatsa.