Shingen Ƙarfen Bayan Kabin

Daga Madawa har Keita ba a taɓa yin shofer mai idon zaɓen kaya irina ba. Ina hango taya daga nesa in gaya maka ranar da za ta fashe. In na ƙwanƙwasa ƙarfe da ɗan yatsa, sai ya faɗa mini asalinsa har kakanni. Haka nake gaya wa mutane a tasha, kuma wanda ya musa ba ya samun wuri gaba.

Lokacin ba mu daɗe da samun mulkin kai ba, motocin garinmu kana tsaye wuri ɗaya za ka gan su duka. Kawuna, ƙanen uwata, mai fataucin albasa, ya sayi tsohuwar bashe hannun wani bature mai komawa gida. Bashe ita ce 'yar motar nan mai kabin, ɗakin shofer, a gaba, bayanta buɗe, tana ɗaukar duk abin da Allah ya halitta. Ya ɗauke ni daga bin jakkansa ya ba ni lakile, wato mabuɗin mota, don ni kaɗai ke da farmi, takardar tuƙi, cikin dangi.

Tsakanin kabin da kaya babu komi sai madubi. Ran nan na ɗauko azara daga Sabon Gida, na taka furen, birki ke nan, wata azara ta ga ita ma gaba take so ta zauna. Ta bi ta madubi ta shigo. Sai da damina ta wuce kafin sabo ya iso daga Yamai, muna toshe ramin da guntun tabarma. Ranar da aka sa shi kawu ya kira ni zaure.

"Kai, ɗan yayata ne ko ɗan aljannu, ban sani ba. Tahi a yi wa madubin ga shinge. In ya sake fashewa, ka aje lakile, jakkai na nan suna cigiyarka."

Na san jakkan nan. Akwai wani baƙi cikinsu da har yau ban yafe masa ba.

Na tafi wurin mai haɗa ƙarfe da wuta bayan kasuwa. Ya nuna mini iri biyu. Na farko raga ce mai ƙananan idanu, ko ɓera sai ya yi azumi kafin ya wuce. Na biyu katako ne, a jera shi a rufe madubin ruf.

"Maigida, wanne?"

"Na farko tagar gidan kaso ce," na ce. "Na biyu makara. Ni mota nike ja, ba gawa ba."

"To mi kake so?"

Abin da nake so shi ne mutanen baya su riƙa ganin wanda ke tuƙa su. Ina da hula sabuwa, aikin hannu, ban ga dalilin da za ta yi tafiya a ɓoye ba. Na zana masa a ƙasa: sanduna masu kauri a tsaye, da tazara mai kyau, a sama wata da tauraro. Don kada a ce ban yi lissafi ba, da ya jera sandunan na cusa kaina tsakaninsu. Bai shiga ba. Na ce in kaina bai shiga ba, babu kan da zai shiga a duk ƙasar Adar. Ya ce lalle wannan gaskiya ne. Aka shafa koren fenti. Da na fito da motar, har liman ya tsaya ya duba.

Ranar kasuwar Karofane wani makiyayi ya zo da jan bijimi zai kai Madawa. Ƙahonsa, wallahi, kana iya shanya wankin gida a kai. Muka ja mota bakin tudu, majiya ƙarfi suka tura shi ciki. Makiyayin ya duba hagu da dama yana neman turke, idonsa ya faɗa kan shingena. Shi a wurinsa duk abin da ya kafu ya fi ƙarfin sa, turke ne. Ya ɗaure shi nan da gajeriyar igiya, yadda suke yi, hancin bijimin na huci kan madubi.

"Shofer, ƙarhen ga shina riƙewa?"

"Baffa, ɗaura giwa ma."

Mai zuwa daga Buza ya san gangaren da ke sauka cikin ƙorama, duwatsu kamar an zuba da gangan. Muna tsakiyarsa raƙumi ya fito ya tsaya bisa hanya yana tunanin duniya. Na taka furen. Mota ta tsaya, bijimi bai ji labari ba. Kansa ya daki sanduna, bai shiga ba, lissafina ya fita daidai. Ƙahon kuwa ya bi ta tazara, ya ratsa madubi, ya tsinci hulata ya manna ta a rufin kabin.

Makiyayin ya diro, ya leƙo ta taga. Na zaci lafiyata zai tambaya. Ya shafa ƙahon a hankali ya ce, "Madubinka ya karce mini sa."

Muka ja, muka murɗa, ƙaho ya ƙi fita, don lanƙwasarsa ta sarƙe da sanda. Haka na tuƙo har Madawa a karkace, kafaɗata waje, ƙaho na sosa mini kunne duk ramin da muka faɗa. Mutanen baya dai sun ga mai tuƙa su, har da sanƙonsa.

Kawu na zaune ƙofar gida. Ya tashi ya zagaya motar. Ya dubi ɓaraguzan madubi, ya dubi bijimi, ya miƙo mini tafin hannu. Na sa masa lakile a ciki. Amma na ga bai kamata aikina ya tafi ba yabo ba.

"Kawu, dubi shingen dai. Ko fentin bai kwarzane ba!"

Ya shafa sandar, ya gyaɗa kai.

"Haka ne, ɗana. Madubin ya kare shi da kyau."