Dutsen Kaka da Na Goge

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan babbar Sallah, ina da shekara tara, wani dillalin tsakiya, wato duwatsun ado, ya shigo gidanmu a unguwar Maamobi, hadari ya haɗo, babbar kwata tana ta tashin wari. Ina tsugune ina wanke tukwanen waake, shinkafa da wake na Mama, lokacin da Kaka ta kwance ƙullin tsumma ta miƙa masa dutsenta. Baƙi ne wuluk, mai sheƙi kamar gindin kwalba, tsawonsa bai wuce yatsa ba, gefensa duk ɓantare-ɓantare, ga kaifin tsiya. Kakanmu ne ya tsinto shi a ƙasar Habasha, a hanyarsa ta Makka da ƙafa. Yanar ido ta riga ta rufe idon Kaka ɗaya, ɗayan ma ya soma, likita kuma ya ce in ba a yi aiki kafin azumi ba, shi ke nan.

Mutumin ya daɗe yana jujjuya dutsen, amma ya taɓe baki. "Hajiya, ai duk bakinsa ya ciccije. Da sumul yake, da na saya da daraja." Duk da haka ya yi tayin da ya kusa isa kuɗin aikin, Baba ya ce albarka, aka tsayar da Litinin zai dawo a ƙarasa cinikin. Ban so yadda ya waiwayo sau biyu a bakin ƙofa ba.

Ni kuwa, uwar iyayi, na ɗauki maganarsa da gaske. Ban san ɗan kasuwa yakan kushe abin da ya fi so ba. Ran Lahadi, ƙawayena na wasan tsalle da tafi na ampe a lungu suna kirana, na zare dutsen daga ƙarƙashin matashin Kaka, na ɓuya bayan banɗaki da dutsen wasa wuƙa da ruwa a gwangwani. Na goga har la'asar. Ya yayyanka min yatsu, ruwan ya yi ja, ban daina ba sai da gefen ya yi sumul.

Da dillalin ya dawo, shafawa ɗaya ya yi ya ajiye. A ranar ya faɗi gaskiya: irin dutsen da aman wuta ke haifarwa ne, ba shi da wata tsada. Ɓantaren nan aikin mutanen farko ne da suka sassaƙa shi wuƙa, shi masu tara kayan tarihi ke biya. Ko sisi bai taya ba.

Baba ya fara kallon yara ɗaya-ɗaya. Kaka ta lalubo hannuna, ta ji yankan, ta tura shi ƙarƙashin mayafinta ta riƙe gam. "Ni na sa a goge," in ji ta.

Yau a nan Nima, maƙwabciyar Maamobi, har kyauta akan yi wa tsofaffi aikin ido, nakan tsaya in kalli layinsu. Shekara shida na yi ina jan Kaka zuwa masallaci da hannun nan, ba ta taɓa tayar da maganar ba.