Difulom ɗina na aiki, ni ina ban ruwa

Shekarar da na dawo Madarumfa da difulom na aikin ordinatar, wato kwamfuta, wurare biyu suka neme ni. Na farko wani ƙaramin porje ne, shirin tallafi na masu lambu a bakin tafki: ordinatar guda, albashi kaɗan, kuma sai an gwada ni wata uku. Na biyu ɗan kwangila ne daga Maraɗi, yana neman gwamnati ta ba shi aikin zuba takardun haihuwa cikin ordinatar. Ran Lahadi ya zo da mota har ƙofar gidanmu, mun taso daga majami'a ke nan.

Babana ya ce, "Ɗiyata, ki kama na lambun. Ƙarami ne, amma yana gaban idonki."

Ni kuwa kaina ya riga ya kumbura. A gwada ni? Ni da na yi shekara biyu a Yamai? Ɗan kwangilar ya ce ni ce zan shugabanci masu ordinatar ɗinsa, sai dai in ba shi difulom na asali ya sa cikin dosiye, wato takardun neman kwangilar, wai manya ba sa duba kwafi. Na ciro shi daga ƙasan akwatin inna, na miƙa da hannu biyu, har da durƙusawa. Ko kwafi ɗaya ban ajiye ba.

Ya sami kwangilar, bai kira ni ba. Na yi ta zarya zuwa Maraɗi har direbobin tasha suka san ni. Kullum maganarsa ɗaya: "Haƙuri, ɗiyata, takardarki na Yamai." Na haɗiye kunya na koma wajen masu lambu, suka ce sai sun ga difulom. Makarantar da ta ba ni kuwa ta rufe. Babana kuwa ya ba ni aikin ban ruwa a lambunsa, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Bayan shekara huɗu wata da muka yi karatu tare ta biyo ta garinmu. Ta iske ni a lambun babana, ina ba albasa ruwa. Ta rungume ni, ta ce a wurin aikinta tana ganin sunana cikin dosiyen ɗan kwangilar nan, wai ni na kafa ordinatar a garuruwa uku.

"Hutu kika zo?" in ji ta.

Na ce mata e. Na ci gaba da ban ruwa, don rana ta fara zafi.