Malamar da Ta Zauna a Gindin Bango

Yara nawa kake jin aji mai benci goma sha huɗu zai ɗauka? Malama Keturah Zadok ta san amsa: tamanin da bakwai. Haka ta ƙirga su a ajinta na firamare huɗu a Yolde Pate, ƙarshen shekarar 2014, lokacin da mutanen Michika da Madagali suka kwararo Yola gudun hijira da abin da hannu ya iya ɗauka.

Cikin baƙin akwai goma sha ɗaya da ba sa zama. A tsaye suke yini, jingine da bangon gefe, littafi a hannu, ba a rubuta komai. Keturah mace ce mai zafin nama, ba ta barin matsala ta kwana. Ta ce benci ne ya yi kaɗan. Ta tafi Jimeta, ta roƙi Ejike kafinta, ɗan cocinsu, ya harhaɗa mata huɗu da ragowar katako. Aka kawo, aka jera. Yaran suka dube su, suka koma bango.

Ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Sau goma sha ɗaya ta ji amsa guda: "Ba komai, Malama." Ɗan da ya sami tarbiyya ba ya kai kuka gaban babba.

Ranar wata Laraba ta ba ajin aikin kwafa, ta tattare zaninta, ta zauna a ƙasa a gindin bangon nan. Minti arba'in ta yi tana lura. Sau ashirin da uku ta ga kawunan masu tsayuwar sun juya wuri guda. Ƙofa. Allo yana gaba, ƙofa tana baya, duk wanda ya zauna ya ba ta ƙeya ke nan. Su kuwa sun baro garuruwan da ba a ba ƙofa baya.

Ba ta yi gaggawar sayen fentin sabon allo ba, benci huɗun nan sun koya mata hankali. Ta shafe kwali da gawayi, ta rataye kusa da ƙofa, ta juya benci biyu. Bakwai suka zauna. Ta matsar da kwalin, ta ƙara juya wasu. A gwaji na uku babu wanda ya rage a tsaye.

Sai bayan shekaru, a wata bita a Girei, ta ji ashe abin da ta yi hanya ce sananniya da ake koyarwa: ka fara ganin aji da idon ɗalibi, ka gano ainihin ciwon, ka gwada ƙaramin magani, in bai yi ba ka sake. Ta dawo da niyyar koya wa kowane malami.

Yau saura wata biyar ta yi ritaya, kuma ba ta sami ko mutum ɗaya da zai riƙe hanyar ba. Mijinta Apollos ya rasu, 'ya'ya suna Jos, gidansu na unguwar Mbamba ita kaɗai ce a ciki. Asabar ɗin farkon kowane wata takan buɗe aji don malamai. Takardar gayyata hamsin da biyu ta raba da ƙafarta. Shida suka zo, sannan biyu. Watan jiya ta share aji, ta jera alli, ta zauna awa biyu tana jin kukan awaki a filin makaranta, sannan ta kulle. A ofishin malamai Malama Tabarma suke ce mata, in ta shigo hira ta mutu.

Malam Bobboyi na aji biyar ne kawai yake tsokanar ta a fili.

"Adda Keturah, ni da gemuna in zauna ƙasa gaban sa'annin 'ya'yan cikina? Gobe ai sai su hau kaina."

"Modibbo, gemu ba ya karyewa."

"Nawa yaran lalaci ne kawai. Na baya ko rubutu ba sa yi."

"Ka gani, ko kana zato?"

Ya yi dariya, ya kaɗa babbar rigarsa, ya fita.

Litinin biyu bayan haka, tana wucewa ta tagar aji biyar, ta hango shi. Bai kai ƙasa ba. A bencin ƙarshe ya cusa kansa, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa, yara suna danne dariya. Ya fito yana dafe da ƙugu.

"Adda, daga can allon fari fat yake. Hasken taga ya cinye shi. Shekara tara ashe layi ukun gaba kawai nake koyarwa."

"To, me za ka yi?"

"In sa a toshe tagar."

"Da bulo? Fara da buhu. In ajin ya yi duhu ka cire."

Ɗaya ke nan cikin hamsin da biyu. Da ta koma gida ta ba kajinta labari, don babu wani mai ji.

In kai malami ne, gobe ka ba yaranka aiki, ka nemi wurin da ya fi nisa da teburinka, ka zauna minti arba'in. Kada ka tambayi kowa komai. Don Allah gwada, ko sau ɗaya.